Neman Gurbin Nazare a Japan, da Yaran Katsina da Ba a Ƙirga Ba

Ranar 1 ga watan Nuwamba rana ce da iyayen ƙananan yara a birnin Tokiyo suke kwana da ita a rai tun watanni kafin ta zo, domin ita ce ranar da mafi yawan makarantun nazare masu zaman kansu suke karɓar takardun neman gurbi, bayan sun fara raba fom tun 15 ga Oktoba. A yankin Osaka kuwa ranar 1 ga Oktoba ake karɓar takardun. Karatun kansa ba zai fara ba sai watan Afrilu, wanda shi ne farkon shekarar karatu a ƙasar baki ɗaya, amma duk wanda ya yi sake waɗannan ranaku suka wuce shi, sai dai ya karɓi abin da ya rage. A makarantun da suke ɗaukar wanda ya riga zuwa, an sha ganin iyaye sun kwana a layi a bakin ƙofa cikin sanyi, miji da mata suna karɓar juna idan dare ya raba. Yaron da ake shan wannan wahala dominsa bai wuce shekara uku ba, wani ma bai cika ta ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai game da wannan al'amari shi ne, ƙasar da ake wannan rububi ita ce kuma take kukan ƙarancin haihuwa dare da rana. A shekarar 1973 an haifi jarirai fiye da miliyan 2 a Japan, amma a 2024 waɗanda aka haifa ba su wuce kimanin 686,000 ba, kuma idan aka raba a kan kowace mace, haihuwar ta tsaya a 1.15. A nan Jihar Katsina kuwa, binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna 7.3, adadin da ya fi na kowace jiha a Nijeriya. Da yawan yara ne kaɗai yake kawo gasar neman gurbi, da mu ne muka fi cancanta mu kwana a layi. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, musamman tun da ƙanwata ta bi mijinta can, inda yake karatun digiri na uku a wata jami'a da ke wajen Tokiyo, har lokacin sa 'yarsu a makaranta ya zo. Abin da na fahimta daga bakinta da kuma abin da na karanta shi ne, zaɓen makarantar ɗan shekara uku magana ce ta lokacin uwa da aikinta da tsarin gidan gaba ɗaya, tun kafin ta zama maganar karatu.

A Japan wuraren kula da yara kafin firamare iri biyu ne tun asali. Akwai yociyen, wato nazare, wadda take ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, tana ɗaukar yara daga shekara uku har zuwa shiga firamare, kuma lokacinta na ƙa'ida awa huɗu ne a rana, don haka wajen ƙarfe biyu na rana yaro ya dawo hannun uwarsa. Akwai kuma hoikuwen, gidan raino, wanda yake karɓar jariri tun yana 'yan watanni, ya riƙe shi daga safe har yamma, kuma an tanade shi ne domin iyayen da aiki ko rashin lafiya ya hana su zama da yaro. Shekaru masu yawa gidajen raino suna ƙarƙashin ma'aikatar lafiya da ƙwadago, sai a watan Afrilun 2023 aka mayar da su hannun wata sabuwar hukuma ta harkokin yara da iyali. Tun 2006 kuma aka ƙirƙiro nau'i na uku wanda ya haɗa biyun a wuri guda. Nazare mai zaman kanta ita take zaɓen wanda za ta ɗauka, amma gidan raino mai lasisi ƙaramar hukuma ce take raba gurabensa, saboda haka gasar ma iri biyu ce, kowace da irin tata wahalar. Babu dokar da ta tilasta kai yaro ko ɗaya daga cikinsu, domin karatun dole daga shekara shida yake farawa, amma da wuya a ga ɗan shekara huɗu ko biyar yana zaune a gida.

Ƙanwata ba ta aiki a can, don haka ƙofar nazare ce a buɗe gare ta. Tun tsakiyar shekara makarantun suke ware ranakun da iyaye za su zo su zagaya azuzuwa, su zauna su saurari bayanin shugabar makaranta, wasu ma har su buɗe filin wasansu ga yaran unguwa domin uwa ta ga yadda malamai suke mu'amala da yara ba tare da an shirya mata komai ba. Sai da ta shiga cikin hidimar ta gane cewa makarantun da ake rububi suna da ajin share fage na 'yan shekara biyu, sau ɗaya ko biyu a mako, galibi uwa da ɗa tare, kuma waɗanda suka halarci wannan aji su ake fara bai wa gurbi, tare da ƙannen ɗaliban da suke makarantar, a wasu wuraren har da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Kafin a zo kan baƙo, kujerun da suka rage ba su taka kara sun karya ba. Gasar ɗan shekara uku ke nan, amma tun yana da shekara biyu aka gama rabinta.

"Yaya," ta ce mini a waya, "su matan nan abu uku suke tambaya: akwai motar ɗaukar yara, ana ba da abincin rana, kuma ana iya riƙe yaro bayan an tashi? Ni kuwa tambayata ta farko ita ce ko za su yarda in riƙa haɗo mata abincinta daga gida, don naman alade yana shiga girkinsu ta inda ba ki zata ba, har a cikin romo." Tambayarta ta biyu ta shafi addini, domin nazare da yawa a ƙasar gidajen ibadar mabiya Buddha ne ko coci-coci ko wuraren bautar Shinto suka kafa su, kuma wasu suna da addu'o'in safe da bukukuwan da ake sa yara a ciki. Ta bar makarantar da ta fi suna a unguwarsu, ta nemi wata ƙarama wadda ake iya zuwa da ƙafa, wadda shugabarta ta zauna da ita ta rubuta abin da yarinyar take ci da wanda ba ta ci.

Ranar intabiyu an tambayi yarinyar sunanta da shekarunta da abincin da ta fi so, sannan aka sake ta cikin sauran yara ana kallon ko za ta iya rabuwa da uwarta na ɗan lokaci, ko za ta karɓi abin wasa daga hannun wani ba tare da fizga ba. Iyayen kuma aka tambaye su dalilin zaɓen makarantar da yadda suke tsawata mata idan ta yi laifi. Babu wanda ya nuna mata harafi ko lamba ya ce ta karanta. Bayan an ba su gurbi sai ga takardar kayan da za a tanada: jakar littafi mai faɗi kaza da tsawo kaza, jakar takalman cikin aji, ƙaramin tawul mai maɗauri na goge hannu, kofi da jakarsa, kuma kowane abu da sunan yarinyar a jikinsa. Ƙanwata ta turo mini hoton kwalin alƙaluman zane, kowane ɗaya da 'yar takarda mai ɗauke da suna a liƙe. A kwanakin farko na Afrilu kuma awa ɗaya ko biyu kawai yaran suke yi a dawo da su, ana ƙara lokacin kaɗan-kaɗan har su saba.

Akwai wani mataki na gasar da ya fi wannan zafi, kodayake tsirarun iyalai masu hali ne a manyan birane suke shigarsa, shi ne wanda ake kira ojuken. Wasu makarantun nazare suna haɗe da manyan makarantu masu firamare da sakandare har da jami'a, irin su Gakushuin, inda 'ya'yan gidan sarautar ƙasar suka saba karatu, da Aoyama Gakuin, ta yadda yaron da ya samu shiga tun yana ɗan shekara uku ko huɗu yana iya wucewa mataki-mataki ba tare da ya sha azabar jarrabawar shiga da sauran yara suke sha ba. Saboda haka akwai cibiyoyin horo na musamman da ake biyan kuɗi masu yawa ana kai 'yan shekara biyu, ana koya musu gaisuwa da bin umarni da jiran layi da mayar da kayan wasa inda aka ɗauko su, su kuma iyaye ana koya musu cika fom da amsa tambayoyi. Har tufafin ranar intabiyu sananne ne, uwa takan sa kwat mai launin shuɗi mai duhu, ba ado ba walƙiya. Nazare ta Jami'ar Ochanomizu, wadda aka kafa a 1876 kuma Yarima Hisahito na gidan sarautar ƙasar ya shige ta a 2010, ta gwamnati ce, kuma saboda yawan masu nema, jefa ƙuri'a yana cikin matakan zaɓenta. Ban ga abin sha'awa a wannan ɓangare na rayuwar Japanawa ba. Yaron da aka ƙi ɗauka bai san an yanke masa hukunci ba, uwarsa ce take komawa gida da nauyin abin, tana ganin kamar tarbiyyarta aka auna aka ga ba ta kai ba. Idan kujera ta yi kaɗan kuma masu nema 'yan shekara uku ne, a ganina ƙuri'a ta fi kowace jarrabawa adalci.

Gasar da ta fi taɓa talaka da ma'aikaci ita ce ta gidan raino, har Japanawa suka yi wa faɗi-tashin nemansa suna na musamman, hokatsu. A wannan gasa ba a duba yaro ko kaɗan, iyaye ake aunawa da maki. Kowace ƙaramar hukuma tana da jadawalinta wanda take bugawa kowa ya gani. Uba da uwa masu aikin cikakken lokaci su ne da maki mafi yawa, mai aikin rabin yini yana ƙasa da su, mai neman aiki kuma yana can ƙasa, kuma dole wurin aiki ya ba da takardar shaidar awannin da mutum yake yi. Ana ƙara maki ga uwa ko uban da yake riƙe da yaro shi kaɗai, da wanda yake da wani ɗa a gidan rainon, a wurare da yawa kuma ana rage maki idan akwai kaka mai sauran ƙarfi da ba ta aiki a cikin gidan. Idan maki ya zo ɗaya sai a koma ga wasu ma'aunai, kamar ƙarancin kuɗin shiga ko daɗewa a unguwa. Ana miƙa takardu tsakanin Oktoba da Disamba, sakamako ya fito wajen ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, kuma a lokacin da abin ya yi tsanani, ma'aurata masu cikakken aiki su biyu ma sukan rasa, domin kusan duk masu neman irin makinsu gare su.

Wannan tsari ya shiga har cikin lissafin haihuwa. Doka ta bai wa iyaye hutun raino har yaro ya cika shekara guda, kuma ana iya tsawaita shi zuwa shekara biyu idan an nemi gidan raino an rasa. Sai dai ajin 'yan shekara ɗaya shi ya fi wuyar shiga, saboda jariran da suka shiga tun bara sun riga sun cike mafi yawan kujerunsa. Don haka uwaye da yawa suna katse hutunsu su kai jariri ɗan wata shida ko bakwai a watan Afrilu, ba don sun ƙosa su koma aiki ba, sai don tsoron kada baɗi su rasa gaba ɗaya. Jaririn da aka haifa a Fabrairu ko Maris kuwa sau da yawa bai kai kwanakin da ake karɓa ba idan Afrilu ya zo, shi ya sa ake samun ma'aurata suna fatan haihuwarsu ta faɗo tsakanin Afrilu da tsakiyar shekara. Su ma suna da al'ada irin tamu ta komawa gidan iyaye domin haihuwa, amma bayan 'yan makonni mace za ta dawo ɗan ƙaramin gidanta a birni, kakar yaro tana can wani lardi mai nisa, miji kuma ba ya dawowa daga aiki sai dare.

A watan Fabrairun 2016 wata uwa da ba ta bayyana sunanta ba ta wallafa wani gajeren rubutu mai zafi a intanet bayan ɗanta ya rasa gurbi, ta la'anci ƙasar baki ɗaya, tana tambayar yadda gwamnati za ta ce mata su fito aiki kuma su haihu, sannan ta bar su su ajiye aikin don babu mai riƙe musu yaro. 'Yar majalisa Shiori Yamao ta kai maganar zauren majalisar dokoki, Firaminista Shinzo Abe ya amsa da cewa tun da babu sunan wanda ya yi rubutun, ba shi da hanyar tabbatar da gaskiyarsa. Wannan amsa ta fusata iyaye, suka taru a gaban majalisa ɗauke da kwalaye, kowa yana cewa shi ne wanda aka hana gurbin. Abin da ya ba kukansu ƙarfi shi ne, gwamnati da kanta tana ƙirga yaran da suke jiran gurbi a ranar 1 ga Afrilun kowace shekara, ta fitar da adadin kowace ƙaramar hukuma. A 2017 adadin ya kai 26,081. Zuwa 2024 ya sauko 2,567. An gina sababbin gidajen raino, an ɗan ƙara albashin ma'aikatan raino waɗanda ƙarancin albashinsu ya daɗe yana korar mutane daga aikin, raguwar haihuwa ita ma ta taimaka. Birnin Yokohama tun 2013 ya sanar da cewa ya sauko da adadinsa zuwa sifili. Daga Oktoban 2019 kuma aka ɗauke wa iyaye kuɗin makarantar 'yan shekara uku zuwa biyar, aka biya da ƙarin harajin saye da aka ɗaga daga kashi 8 zuwa kashi 10 cikin ɗari, kodayake a wasu nazare masu zaman kansu tallafin da aka fara da shi a lokacin ya tsaya ne a kan yen 25,700 na kuɗin Japan a wata.

Ƙidayar ba ta rasa aibi ba. Masu suka sun daɗe suna cewa ba ta haɗa da uwar da ta ƙi gurbin da aka ba ta a wuri mai nisa ba, ko wadda ta haƙura ta daina neman aiki, kuma irin waɗannan sun kai dubun-dubata. Duk da haka, adadin da aka buga shi ne abin da ake riƙe magajin gari da shi a lokacin zaɓe, kuma ana iya jayayya a kan lissafi ne kawai idan akwai lissafin.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai idan na dubi Katsina. Mun saba cewa mu ba mu da wannan matsala, domin akwai kaka, akwai gwaggo, akwai abokiyar zama, akwai maƙwabciya. A cikin gari, a unguwanni irin su Ƙofar Soro da Ƙofar Marusa inda zuriya guda take zaune a babban gida, har yanzu akwai gaskiya a maganar. Amma ma'aurata matasa da suke kama haya ko suke gini a sababbin unguwanni ta hanyar Dutsin-Ma ko hanyar Jibiya, su kaɗai ne a gidansu da katanga da ƙofar ƙarfe, kuma matan malamai ne, ma'aikatan jinya ne, ɗalibai ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ma'aikatan banki ne. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya hutun haihuwarta mako 16 ne, dokar ƙwadago kuma mako 12 ta tanada. Bayan nan sai kowa ta san yadda za ta yi. A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa, akwai tabarmar da ake shimfiɗawa a bayan kabad, kuma da wuya zango ya wuce ba a ga jariri kwance a kanta ba, da 'yar raino zaune a gefe tana kore masa ƙuda. 'Yar rainon nan yawanci ba ta wuce shekara goma ko goma sha biyu ba, an ɗauko ta daga ƙauye, kuma tana jin muryar uwar ɗakinta daga aji tana koyar da 'ya'yan wasu, alhali ita ba a rubuta sunanta a rajistar kowace makaranta ba. Ba na zargin abokan aikina, domin na san ba su da wata mafita. Gurbin da hukuma ba ta samar ba, karatun wannan yarinya ne ake biyansa da shi, kuma babu ofishin da yake da adadinta ko adadin jaririn da take goyo.

Gasar shiga nazare ma muna da ita, sai dai ba ta da rana kuma ba ta da jadawali. Duk wanda ya nemi gurbi a ɗaya daga cikin makarantun kuɗi da suka yi suna a garin nan, kafin zangon Satumba, ya san yadda abin yake. Za a sayar maka da fom, a yi wa yaro gwaji, sannan a ce maka an cika. Wata ƙawata da ta nemi gurbi ruwa a jallo ta gaya mini yadda shugabar wata makaranta ta ce mata, "Hajiya, wallahi ajin ya cika, amma ki bar lambarki, za mu ga abin da Allah zai yi." Bayan kwana kaɗan maƙwabciyarta wadda ta zo daga baya ta samu, saboda an yi waya daga inda ya dace. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Tsarin maki na Japan yana da tsauri, yana tilasta wa mace ta katse hutunta, amma wadda ta rasa tana iya zama da biro ta lissafa inda ta gaza, ta kuma san makin wanda aka ɗauka na ƙarshe a wurare da yawa. A wajenmu wadda ta rasa ba ta san dalili ba, abin da ta koya kawai shi ne baɗi ta nemi wanda zai tsaya mata.

Sai kuma abin da muke dubawa idan za mu zaɓa. Mafi yawanmu Turanci muke bi. Idan ɗan shekara uku ya dawo gida yana rera haruffa da waƙoƙin da bai san ma'anarsu ba, sai mu ce makarantar tana da kyau, idan kuma aka haɗo shi da jinga a jaka sai mu ƙara yarda cewa kuɗinmu bai tafi a banza ba. Na ga yarinya 'yar aji ɗaya na nazare tana kuka da magariba, an riƙe mata hannu ana tilasta mata ta rubuta lambobi har hamsin, bayan ta yini tsakanin boko da Islamiyya. Manhajar nazare ta gwamnatin Japan fanni biyar ta ƙunsa: lafiya, mu'amala da mutane, muhalli, harshe, da bayyana abin da ke zuci ta hanyar zane da waƙa da wasa. Koyon karatu da rubutu na sosai sai an shiga firamare, duk da cewa akwai nazare masu zaman kansu da suke tallata kansu da Turanci da lissafi, kuma suna samun kasuwa. 'Yar ƙanwata takan dawo da ƙasa a gwiwa da farce, ta shuka dankali da 'yan ajinsu sun tone shi da hannunsu, ta iya ninke tawul ɗinta da jera takalmanta, kuma Japananci ya zauna a bakinta ba tare da an zaunar da ita gaban allo ba. Wannan a ƙasar da ɗalibanta suke cikin na gaba-gaba a gwajin lissafi da kimiyya na duniya. Manufar ilimi ta Nijeriya ita ma ta tanadi koyar da 'yan nazare ta hanyar wasa, kuma ta ƙayyade malami ɗaya ga yara 25, amma iyaye nawa ne suke leƙa aji su ƙirga kawuna kafin su biya kuɗin zango?

Ƙirga kawuna ba ƙaramin abu ba ne. A gidajen rainon Japan ƙa'ida ita ce ma'aikaci ɗaya ga jarirai 3, ɗaya ga yara 6 'yan shekara ɗaya da biyu, kuma a 2024 aka rage na 'yan shekara huɗu da biyar daga 30 zuwa 25. Bayan wata yarinya 'yar shekara uku ta rasu a lardin Shizuoka a watan Satumban 2022 saboda an manta da ita a cikin motar makaranta cikin zafi, an wajabta sa na'urar gargaɗi a irin waɗannan motoci daga Afrilun 2023. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin wata nazare a Katsina da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, ya ga yadda ake cusa yara a Keke Napep, wasu a kan cinyar wasu, ɗaya a gefen direba, ya san cewa tambayar wa yake ɗauko yaro kuma wa yake tabbatar da cewa kowa ya sauka ta fi tambayar launin yunifom muhimmanci.

A yau al'amura suna juyawa a Japan. Saboda mata da yawa sun fita aiki kuma yara sun ragu, nazare ta rabin yini tana rasa ɗalibai, wasu suna rufewa, wasu suna komawa nau'in nan da ya haɗa nazare da raino, wasu kuma suna tsawaita lokacinsu har yamma domin su jawo iyaye ma'aikata. Mu namu yaran ƙaruwa suke yi, matan da suke fita aiki da karatu su ma ƙaruwa suke yi, manyan gidaje kuma suna watsewa zuwa ƙanana. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta riga ta sa kula da ƙananan yara cikin aikin hukumomin ilimin matakin farko, don haka ba sabon nauyi nake ɗora wa kowa ba. Abin da nake roƙo daga Ma'aikatar Ilimi ta jiha da hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, shi ne su fara da ma'aikatansu mata, a tambayi kowace malama mai ɗa ƙasa da shekara uku inda take barinsa idan ta shiga aji da kuma shekarun mai riƙe shi, a buga adadin ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Masu makarantun kuɗi kuma a sa cikin sharuɗɗan sabunta rajistarsu su liƙa a bakin ƙofa ranar buɗe fom da ranar rufewa, da yawan kujerun kowane aji, da wanda ake fara ɗauka idan masu nema sun fi kujeru yawa.